Muna Legas, gida yana kan dutse: tambayoyi da amsoshi kan ƙaramar hukumar Sardauna

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan Mambilla mazauna Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, da masu gadi can wajen Lekki da Ajah. Waɗannan tambayoyin su ne kullum suke dawowa duk sanda aka zauna aka taɓo maganar gida, wato ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba mai hedikwata a Gembu, wani ya tambaya yau a amsa mishi, jibi wani ya sake kawo ta kamar ba a taɓa yi ba, shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya. Wasu amsar gajera ce, wasu kuma sai an yi haƙuri an karanta.

Hamma, mu da muke Legas ina ruwanmu da ciyaman ɗin Gembu? Ai muna turo kuɗi gida, ba shikenan ba?

Toh ai nan ne matsalar take. Kuɗin da kake turowa na gidanku ne, buhun masara, kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsohuwa, in an yi rasuwa ka aika da na sadaka, Allah ya saka da alheri. Amma akwai wani kuɗin da yake fitowa daga asusun tarayya duk wata da sunan ƙaramar hukumar Sardauna, kuma sunanka yana cikin mutanen da aka ƙirga kafin a yanka wannan kason. Wannan kuɗin shi ne ya kamata ya gyara rufin firamaren garinku, ya sa magani a ƙaramin asibiti, ya yi kwalbati a hanyar da ake fito da dankali da fiya. In bai yi ba, wa yake biya? Kai ne dai. Za a kira ka da dare a ce matar yayanka naƙuda ta zo da gardama kuma asibitin kusa ba ma'aikaci, sai an ɗauki mashin zuwa Gembu cikin ruwa da taɓo, ka turo. Kaga ka biya sau biyu kenan, na farko haƙƙinka da ba a kashe maka ba, na biyu guminka na Legas.

Abin da yake ban haushi da mu shine mun iya karo-karo sosai wlh, a ce za a gina masallaci ko coci ko a sayi taransifoma, cikin sati biyu kuɗi sun haɗu, amma a ce a rubuta takarda shafi ɗaya a tambayi ina kuɗin watan jiya suka shiga sai kowa ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne.

Wai ainihin mene ne aikin ƙaramar hukuma? Ni dai albashi kawai na san suna biya.

Tsarin mulkin 1999 ya jera su a jadawali na huɗu. Kasuwanni, tashar mota, mahauta, maƙabarta, banɗakin jama'a, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rijistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da kwale-kwale. Sannan tana da hannu tare da jiha a makarantun firamare da ilimin manya, da harkar noma, da kiwon lafiya a matakin farko. Ka lura da kwale-kwale ɗin nan, a wani wurin magana ce kawai a takarda amma ga wanda yake ƙetare kogin Donga da damina ba wasa ba ne, wa ya duba jirgin, mutum nawa ya kamata ya ɗauka, mashin nawa ake lodawa a kai, duk ƙaramar hukuma tana da ta cewa.

Kuma sashe na 7 ya ce dole zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, ba kantoma ba. Za mu dawo kan wannan.

Hanyar hawan dutse daga Mayo Selbe fa, ba ciyaman ya kamata mu kama ba?

A'a. Babbar hanyar da ta taso daga Bali ta bi Serti ta hau dutse ta wuce Maisamari da Nguroje zuwa Gembu ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma, maganar gwamnatin tarayya ce da ta jiha. Masu wannan maganar su ne ɗan majalisar wakilai na Sardauna da Kurmi da Gashaka, da sanatan Taraba ta Tsakiya, da 'yan majalisar jiha uku da muke da su, na Gembu da na Nguroje da na Mbamnga. Na ciyaman su ne hanyoyin cikin ƙauyuka, waɗanda gireda ɗaya da tifa biyu na tsakuwa za su iya cetowa kafin ruwa ya sauka. In ka zagi ciyaman a kan babbar hanya ka ba shi mafita ne kawai, zai ce ba hurumina ba ne kuma gaskiya ya faɗa, shikenan maganar kwalbatin da yake huruminsa ta bi ruwa.

Nawa suke samu a wata, kuma a ina mutum zai gani?

Ba sirri ba ne, mu ne dai ba ma dubawa. Duk wata kwamitin rabon arziƙin ƙasa, FAAC, yana zama ya raba. A tsarin da ake bi tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60, ban da kashi 35 da suke samu daga harajin VAT. Ofishin Akanta Janar na ƙasa da hukumar ƙididdiga ta NBS suna fitar da jadawalin a intanet, jiha-jiha, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ka nemo Taraba ka gangara cikin 16 ɗin za ka ga Sardauna da adadinta. 'Yan ƙungiyar BudgIT masu bibiyar kasafin kuɗi ma suna sauƙaƙa shi yadda ko a waya za ka gane. Duk yaron da ya iya buɗe TikTok zai iya buɗe wannan.

Amma dan Allah kar ka ga adadin ka hau Facebook kana ihun an sace miliyan kaza. Ba duka ne yake zuwa hannun ciyaman a matsayin kuɗin aiki ba. Albashin malaman firamare daga nan ake cira kuma shi ne yake cin kaso mafi tsoka a yawancin ƙananan hukumomi, ga albashin ma'aikatan sakatariya da na lafiya, ga fansho, ga kason masarauta. Tambayar mai hankali ita ce: nawa ya shigo, nawa aka cire kafin ya iso, wa ya cire, nawa ya rage, me aka yi da ragowar. Sannan akwai kuɗin shiga na cikin gida wanda ba wanda yake maganarsa, kuɗin kasuwa, na kara ranar cin kasuwar shanu, na tasha, na motocin katako da suke sauka da itace daga kan dutse. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa ba a ba shi risit ba ya san inda kuɗin bai je ba.

An ce Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci. Toh ya aka ƙare?

Eh an yi hukuncin, ranar 11 ga Yuli 2024. Antoni Janar na ƙasa Lateef Fagbemi ne ya kai gwamnoni 36 ƙara, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin. Abu biyu ne manya a ciki: kuɗin ƙananan hukumomi a tura musu kai tsaye ba ta asusun haɗaka na jiha ba, sannan gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kwamitin riƙo, kuma ƙaramar hukumar da kantoma yake riƙe da ita ba za a ba ta kaso ba. Shi ya sa ka ga jihohi da yawa sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen 2024.

Aiwatarwa kuma wani labarin ne, an fi shekara ana kai ruwa rana a kan buɗe asusu a Babban Banki da sauransu, wasu jihohin ma suka yi sabbin dokoki da za su dawo da kuɗin ta bayan gida. Tun 2019 ma hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta taɓa sa dokar kar a cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka tafi kotu. Ni ra'ayina, ko da kuɗin sun faɗo kai tsaye gobe da safe, in ciyaman ya san gwamna ne ya ba shi kujera ba ƙuri'arka ba, da ƙafarsa zai kai mishi kuɗin. Hukuncin ya ba mu abin riƙewa ne dai, yanzu ba wanda zai ce maka "ai kuɗin suna Jalingo" ka yi shiru, sai ka ce toh a rubuce a ba mu, nawa Jalingo ta riƙe kuma da wace doka.

Katin zaɓena a Agege na yi. In na je gida lokacin zaɓen ciyaman zan iya jefa ƙuri'a?

Ba za ka iya ba. A rumfar da sunanka yake a nan kawai kake zaɓe. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce take yi, TSIEC a Taraba, LASIEC a Legas, amma dukansu rijistar INEC suke amfani da ita. In kana son komawa gida sai ka nemi taransifa lokacin da INEC ta buɗe rijista, ko a ofishinsu ko ta shafinsu, kuma ka yi da wuri don ana rufewa tun kafin zaɓe da nisa, sabon katin kuma can za ka karɓa. Kar ka kuskura ka sake sabuwar rijista a Gembu alhali kana da ta Legas, laifi ne, kuma na'ura tana kama yatsa.

Toh wanne ya fi, in bar katin a Legas ko in mayar gida?

Wannan ita ce tambayar da ake faɗa a kanta, kuma ni ba na ɓoye inda na tsaya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, ranar zaɓe a ina za ka kasance? Daga Legas zuwa Gembu tafiyar wajen kwana biyu ce in mota ba ta ba da matsala ba, ga kuɗin mota yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga shago ko bakin aiki da za ka bari. In kai ɗan ci-rani ne, kana sauka bayan girbi ka koma kafin shuka, iyalinka suna can, toh katinka ya zauna a gida. Amma in shekara goma sha kana nan, matarka tana nan, yaranka suna firamare a Orile-Agege, sai babbar sallah kake leƙa gida ita ma ba kowace shekara ba, me katinka yake yi a Kabri? Yawancinmu haka muke, kati yana kan dutse mutum yana bakin teku, ranar zaɓe ba mu nan ba mu can, sai dai mu bi sakamako a WhatsApp muna tsaki.

Kuma kar ka raina ƙuri'ar Legas. Lokacin da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland a watan Yunin 2022, aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu a Satumba, 'yan uwanmu nawa ne abincinsu ya tsaya? Lokacin da aka rufe kasuwar Mile 12 a 2016 fa? Wanda zai shiga ofis ya yi magana a madadinka, ko Sarkin Hausawa ne ko shugaban kasuwa, abin da ake fara aunawa shine mutum nawa ne a bayansa masu kati. Doka ba ta ce sai Bayarabe ne zai yi zaɓe a Legas ba, kuma ba ta hana ka shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, CDA ɗin layinku, inda ake yanke maganar get da kuɗin gadi da kwata ba. Ka yi katin LASRRA ma, wato katin shaidar mazauna Legas, kyauta ne. Wanda ya bar katinsa a Legas bai yar da gida ba, yana da baki da waya da alƙalami, kuma yana da iyaye da ƙanne a can masu ƙuri'a.

Malam ai zaɓen ƙaramar hukuma ba zaɓe ba ne, jam'iyyar gwamna ce take cinye duka. Me zai sa in wahalar da kaina?

Ba zan musa maka ba. A nan Legas ma zaɓen 12 ga Yuli 2025 jam'iyya mai mulki ce ta ɗauke kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya, kuma kusan ko'ina a ƙasar nan haka ake yi ko wace jam'iyya ce take riƙe da jihar, shi ya sa ake ta kiran a karɓe zaɓen daga hukumomin jiha a ba INEC. Amma ka duba abin da hakan yake nufi: ainihin zaɓen ba ranar ƙuri'a ake yinsa ba, ana yinsa ne ranar da jam'iyya ta tsayar da ɗan takara. Wa yake zama a wannan ɗakin? Shugabannin jam'iyya na mazaɓa, deliget, dattawan gari, masu ruwa da tsaki. Waɗannan mutanen ba daga sama suka faɗo ba, kawunka ne, surukinka ne, abokin karatunka ne na firamare, kuma da yawansu kai kake turo musu katin waya da na cefane. Kana da damar ka kira ka ce Kawu wannan karon kar ku kawo mana wanda zai tare a Jalingo sai ƙarshen wata ya hau dutse ya raba albashi ya sauka. Kujerar kansila kuma ta fi ta ciyaman sauƙin girgizawa, mazaɓa ƙarama ce kowa ya san kowa, in mutane suka fito da yawa suka tsaya aka ƙirga a gabansu, murɗewar tana da tsada.

Kansila nawa muke da su, kuma me kansila yake iya yi?

Mazaɓu 11 ne: Gembu A, Gembu B, Kabri, Kakara, Magu, Mayo Ndaga, Mbamnga, Ndum Yaji, Nguroje, Titong da Warwar, kowace da kansila ɗaya. Su ne majalisar ƙaramar hukuma, su suke amincewa da kasafin kuɗi, su yi ƙananan dokoki, su bibiyi aikin ciyaman. Ba aikinsa ba ne ya biya maka kuɗin suna. Muna damun su da roƙo har mutum ya kashe waya, daga nan kuma ba bakin tambayarsa me ya sa hannu a kai.

Baffa, ni damuwata fili ce. Ina da gona da wurin kiwo na gado a gida, ina jin tsoron in koma in tarar wani ya shiga. Ƙaramar hukuma tana da hannu?

Sosai ma, kuma a kan dutse ba maganar da ta kai wannan nauyi, duk wanda ya ga rikicin da ya faru a 2017 ba ya son a maimaita, manomi ne shi ko makiyayi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, amma filin karkara ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallaka ta gargajiya. Dokar ta sa iyaka, ba za ta ba mutum ɗaya sama da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna, kuma ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. Kaga kenan sa hannun wani jami'i a sakatariya yana iya zaunar da gari lafiya yana kuma iya tada shi.

Shawarata, kar ka dogara da "kowa ya san na kakanmu ne". Waɗanda suka sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In ka je gida ka tara maƙwabtan iyaka ta kowane ɓangare, da jauro ko mai unguwa, a zagaya a nuna iyaka kowa yana gani, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa hakimi, sannan ka bi takardar ƙaramar hukuma. Ka ɗauki hoton komai ka ajiye a waya da imel don takarda tana jiƙewa, ɓera ma yana ci. In akwai saɓani da maƙwabci a kashe shi tun kuna gaisawa. Kuma don girman Allah mu na Legas mu daina zuga, mutum yana kwance a Agege fanka tana kaɗa shi yana tura murya a guruf wai "kar ku yarda", in wuta ta tashi ba rufinsa za ta ci ba. Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa kasuwa ɗaya suke ci, asibiti ɗaya suke kwanciya.

Ya ake rubuta takardar neman bayani? Kuma in sun ƙi amsawa fa?

Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya nemi bayani daga hukuma ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a amsa cikin kwana 7. Da can jihohi suna cewa ba ta shafe su ba, a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafi kowane mataki. Takardar ba sai da turanci mai nauyi ba. Ka tambayi abu ɗaya ko biyu takamaimai, misali kwafin kasafin kuɗin bana da aka amince da shi, ko jerin ayyukan da aka ware wa mazaɓar Titong da sunan ɗan kwangila da adadin kuɗi. Kar ka haɗa da zagi, kar ka ce ɓarayi. A yi kwafi biyu, wani ɗan uwa a Gembu ya kai sakatariya, a buga mishi sitamp da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da ita, wannan kwafin shi ne makaminka. A ba kansilanku kwafi, a ba ɗan majalisar jiha.

In kwana bakwai sun wuce shiru, a sake tunatarwa a rubuce. Doka ta ba da damar zuwa kotu, amma kafin nan akwai rediyo, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a, in kuma an ga alamar an karɓi kuɗi ba a yi aiki ba akwai ICPC. Takarda mai sa hannun mutum talatin daga ƙabila daban-daban ta fi ta mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai ce ai 'yan adawa ne ko 'yan ɓangare kaza ne.

Yarana a Legas aka haife su, za su samu takardar indijin ta Sardauna?

Za su samu, asalin uba ake bi. Yawanci ana farawa da shaidar mai unguwa ko hakimi sannan sakatariya ta bayar. Ka nema musu tun suna ƙanana, kar ka jira sai an buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda ko sikolashif saura kwana uku a rufe kana ta kiran mutane. Takardar haihuwa kuma ta hukumar ƙidaya ce, a nan Legas za ka karɓa, ka tabbata sunan da yake kanta shi ne a NIN harafi da harafi. Duk abin da ka biya ka nemi risit.

Wata Goggonmu mai sayar da abinci ta ce: mu mata fa, sai dai a kwashe mu a mota ranar zaɓe a ba mu atamfa?

Goggo ki yi haƙuri, gaskiyarki ne. Amma akwai ƙofofi biyu da ba sai an tsaya takara ba. Kowace mazaɓa ya kamata a ce tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da yake sa ido a kan asibitin matakin farko, kowace firamare kuma tana da kwamitin SBMC na iyaye da malamai da mutanen gari, kuma a tsarin dukansu akwai kujerun mata. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na farko, wani ɓangare yana zuwa asusun asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. Wa ya fi mace sanin ko akwai ungozoma da dare, ko ana sayar da maganin da aka ce kyauta ne? Ki kira ƙannenki da 'ya'yanki da suke gida ki tambaye su wace ce take wakiltar mata a kwamitin, in ba su sani ba toh daga nan za a fara. Adashin da kuke yi a nan ma ƙungiya ce, kun fi mu riƙon amana da lissafi.

Me zai hana a raba Sardauna gida biyu ko uku kamar yadda Legas ta yi? Ƙasar ta yi faɗi.

Faɗi kam akwai shi, wanda yake Mayo Ndaga ko Dorofi ya san abin da zuwa Gembu yake ci da damina. Amma ƙirƙirar ƙaramar hukuma sai an bi sashe na 8, ƙuri'ar raba gardama, majalisar jiha, sannan majalisar tarayya ta gyara jerin sunayen da yake cikin tsarin mulki, kuma tun 1996 zamanin Abacha ba a ƙara ko ɗaya ba. Legas ta gwada a 2003 lokacin Tinubu yana gwamna ta ƙirƙiri 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli, a 2004 ta ce ba shi da ikon riƙewa amma sabbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta yi nata. Shi ne suka koma LCDA, wato yankunan raya ƙasa da ba su kai cikakkiyar ƙaramar hukuma ba. Har yau Abuja 20 ta sani, kason 20 ɗin ake rabawa 57. Legas tana da kuɗin shigar da za ta ɗauki wannan nauyin. Mu in aka raba ba tare da ƙarin kaso ba, ciyaman uku da motoci uku da sakatariya uku za a ɗora wa kuɗin da ɗaya ma bai ishe shi ba.

Dam ɗin Mambilla fa?

Wannan na tarayya ne, ciyaman ba shi da ta cewa a kan wutar lantarkin da aka tsara tun farko za ta kai megawat 3,050. An amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 a 2017, shari'a da wani kamfani ta kai har Faris. Inda ƙaramar hukuma za ta shigo shine ranar da aka zo maganar diyya da tada ƙauyuka, wa aka rubuta wa aka bari, shi ya sa maganar takardar fili da na yi a sama ba ta jira.

Toh mu daina karo-karon aikin gayya kenan tunda aikin gwamnati ne?

A'a, yaro ba zai zauna a aji ruwa yana zuba a kansa yana jiran a gama shari'a da gwamnoni ba. A ci gaba, amma a canza salo. Kafin a tara ko sisi a tura wani ya duba ko aikin yana cikin kasafin ƙaramar hukuma ko na SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ko aikin mazaɓa na ɗan majalisa, don yana faruwa jama'a su yi aiki da kuɗinsu wani ya zo ya shafa fenti ya kafa allo ya karɓi kuɗin kwangila. A rubuta wa sakatariya cewa mu 'yan gari mazauna Legas za mu yi rufin aji biyu, ku kuma muna neman ku kawo benci da malami, a samu amsa a rubuce. In bohol ne a yanke tun farko wa zai riƙa gyara in ya lalace. Kuɗin a sa a asusun banki mai sa hannun mutum uku ba asusun mutum ɗaya ba ko da limami ne, a riƙa turo hoton risit a guruf duk sati, kuma in an gama a rubuta a jikin ginin da fenti mai kyau cewa jama'ar gari ne suka yi da kuɗinsu, da shekarar.